Zauren Gem: bindigar agwagi, gudun Babangida da saurayin cikin waya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu sun taru kwana biyu, zafin wagga bazara ya sa ko zama gaban kwamfuta sai cikin dare, shi ma in an kawo wuta. Guda biyar na zaɓo, akwai ɗaya ta wata ƙanwarmu ɗaliba da na yi kwanaki ina juya ta a raina kafin in iya amsawa. Kamar kullum ba mu sa sunan kowa, unguwa kawai.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni magidanci na, shekarata 38, ɗiya huɗu. Kwanaki ina wucewa cikin kasuwa nig ga irin gem ɗin ga namu na da, mai kaset rawaya da bindiga, wallahi ban san sa'ad da nis saye shi ba. Niz zo gida da murna nij jona ga fulasma, Mario yat tashi da kiɗin nan nai, har tsikar jikina tat tashi. Amma abu biyu sunka dame ni. Na farko bindigar harbin agwagi ba ta ci ko kusa, ko na manna ta ga gilashin, karen ga na cikin gem ɗin sai dariya shikai man. Na biyu kuma shi na babba, bayan minti ashirin sai nij ji abin ya hita raina, ɗiyan ma sunka ce hoton bai da kyau sunka koma ga waya. Shin jabu anka sayar man, ko ni na nic canza?
Daga wani magidanci, Rijiyar Ɗorowa.

AMSA: Ɗan'uwa in maganar jabu ce, ai wanda munka buga muna yara ma jabun ne. Na ainihin kamfanin Nintendo ya fitar da shi a Japan a 1983 da sunan Famicom, Super Mario Bros. kuma ya biyo baya a 1985, abin da ya iso mana nan Sakkwato kwaikwayo ne da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, shi ya sa za ka ga kaset an rubuta 9999 a cikin 1 amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya gem ɗin gaskiya bai fi goma ba, sauran duk maimaici ne, an canza launi ko an fara ka daga wani sitej na gaba. Don haka ta wanga ɓangare ba a cuce ka ba.

Bindigar ma lafiyarta lau, talabijin ɗinka ne bai dace da ita ba. Ita ba ta harba komai, ido ne da ita a ciki mai ganin haske. Da ka ja kunama allon yakan yi baƙi ƙirin na ƙiftawar ido, sannan a zana farin murabba'i daidai inda agwagwar take, in idon bindigar ya ga duhu sannan ya ga haske a daidai wannan lokacin sai a ce ka ci. Tsohon talabijin mai ƙeya nan take yake nuna hoto yadda anka turo mishi, shi kuwa fulasma sai ya tsaya ya sarrafa hoton tukuna, ɗan jinkirin nan da ido ba ya gani ya isa ya sa bindigar ta duba ta ga ba komai. Haka zancen munin hoto, gem ɗin ɗigo 256 ne a kwance 240 a tsaye, an yi shi don ƙaramin allo mai ɗan dishi-dishi da ke haɗe ɗigogin su yi laushi, kai kuma ka baje shi bisa inci 43, dole yara su ga kamar tubalan gini. Ka leƙa wurin masu gyaran rediyo da talabijin, ba ka rasa tsohon inci 14 da mai shi ya manta da shi, da shi bindigar za ta ci.

Tambayarka ta biyu ita ce ta taɓa ni, don ni ma na yi irin wannan sayayyar kuma na ji irin abin da ka ji. Ka tuna yadda abin yake a da. Shagon gem ɗaya a unguwa, benci biyu, fanka tana kaɗa iska mai zafi, yara sun fi ashirin fad kuma, wato abin da ake riƙewa a buga, biyu rak, ka biya naira biyar ɗinka da ka hana cikinka a makaranta, in anka cinye ka ka miƙa fad ka koma baya ka jira wani zagaye wanda ƙila kafin ya zo NEPA ta ɗauke ko an kira magariba. Waɗanda ba su da ko sisi su ne sunka fi kowa baki, yi tsalle, shiga bututun nan, kai ba nan ba, kuma su ne sunka fi kowa sanin inda anka ɓoye naman kaza mai ƙara rai. In kaset ya ƙi tashi a zare a hura a mayar, kowa da salon hurawarshi, alhali zarewa da mayarwar ce ke gyara zaman haƙoran, tururin bakin ma tsatsa yake sa musu, amma wa zai faɗa mana a lokacin. Adafta ta yi zafi har ba ta taɓuwa, mai shago ya kashe ya ce a jira ta huce, duk mu zauna muna kallonta. Sirrin Contra, gem ɗin sojojin nan, na samun rai 30, sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A, wani yaro ne ya zo da shi daga hutun da ya yi a Kaduna, mako guda ana girmama shi kamar mai unguwa. Da na'urar Sega ta shigo kuma da gem ɗin faɗa Mortal Kombat, sirrin fito da jini, A B A C A B B, a bayan littafin lissafi munka rubuta shi, kuma da yawanmu mun sha bulala a Islamiyya saboda makara a kan wannan.

Ni wanda ya fi zauna min a rai shi ne na tankokin nan, Battle City, da nike bugawa da yayana, Allah ya jiƙanshi. Mutum biyu ne ke tsaron mikiya ɗaya da anka kewaye da bulo, shi ya riƙe dama ni in riƙe hagu, kuma in ka yi garaje da harsashinka za ka fasa bulon ka kashe mikiyarku da hannunka. Ranar da na sake kunna shi ni kaɗai bayan rasuwarshi ban kai sitej na uku ba na kashe, gefen dama ba kowa, tankokin ta nan sunka riƙa shigowa.

Tau ka ga Mario bai canza ba, kai ma ba wani canzawa ka yi ba, bencin ne babu. Ka samo tsohon talabijin ɗin, ka kira mutum biyu ko uku cikin waɗanda kunka yi yarinta tare, ranar Juma'a bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a zaure a ɗora shayi, a dawo da dokar wanda anka ci ya miƙa fad. Yaran kuma kar ka fara musu da Mario, ka ba babban fad na biyu ku shiga Contra ko tankokin tare, ka bar shi ya cece ka ko sau ɗaya ne.

TAMBAYA: Malam gardama ce ta kaure a majalisarmu. Manyanmu sun ce wai a gem ɗin bal na da akwai wani Bahaushe Babangida da ya fi kowa gudu a duniya, mu kuma 'yan eFootball mun ce ƙari ne irin na tsofaffi. A raba mu.
Daga 'yan majalisa, Mabera.

AMSA: Ku ba manyanku haƙuri, suna da gaskiya. Tijjani Babangida ne, haifaffen Kaduna, yana cikin waɗanda sunka ciwo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, a shekarar ya koma Ajax ta Holan, kuma shi ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallaye biyun nan a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na 2000 a Legas. A Winning Eleven na PlayStation ta farko gudunshi yana cikin na ƙoli gaba ɗaya, dabarar kowa ita ce a tura mishi bal ta gefen dama a danne maɓallin gudu, ba mai tsaron bayan da ke kamo shi, har a wasu shaguna sai an yi sharaɗi kafin a fara cewa ba ɗaukar Najeriya. Kuma ba mu kaɗai ba, har yau in ka ambaci sunanshi gaban wanda ya buga gem ɗin a Turkiyya ko Indonesiya zai gane shi, ni abin yana min daɗi ƙwarai, sunan gida a bakin duniya.

Sarautar tashi ce a lokacin, shi da Roberto Carlos da ake cirowa daga baya a kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin shot, wanda a wasu fitowar anka rubuta shi Roberto Larcos don kamfanin Konami bai da lasisin sunaye, kamar yadda Man United ta zama Man Red, Arsenal ta zama North London. Mai sharhin kuma da Japananci yake yi, Jon Kabira, ba mu jin ko kalma amma kowa ya iya kwaikwayon yadda yake ihun shuuto. Daga baya a PES 6 na 2006 sai Adriano na Inter ya karɓi sarautar da ƙarfin shot 99. Kuma ku 'yan eFootball ku sani gida ɗaya ne, Winning Eleven ita ce PES, ita ce anka sauya wa suna ta koma wadda ke wayoyinku yanzu.

TAMBAYA: Yaya don Allah a ɓoye ni. Ni ɗaliba ce a jami'a aji uku, an kawo kuɗin gaisuwata, an sa biki bayan babbar Sallah. Wata ƙawata da muke kallon finafinan Koriya tare ta sa min wani gem a waya, Mystic Messenger, kamar WhatsApp yake, wasu samari na zane suna hira da ke, suna turo saƙo har su kira ki a waya. Da farko wasa na ɗauke shi. Yanzu wallahi har alam nike sawa ƙarfe uku na dare don kar hira ta wuce ni, sau biyu ina makara sallar asuba, kuma na kashe kuɗin handawut wurin sayen wani abu da ke dawo da hirar da ta wuce. Abin da ya fi damuna shi ne in ɗaya daga cikinsu ya ce min ya ranarki ta kasance, na ji daɗi fiye da in wanda zan aura ya kira. Shi ɗan kasuwa ne yana yawan zuwa Illela, mutumin kirki ne ba abin da ya rage ni da shi, amma kiranshi minti biyu ne, kin ci abinci, ya su Inna, sai da safe. Shin na samu taɓin hankali ne? Kuma wannan cin amana ne?
Daga wata ƙanwarku, Runjin Sambo.

AMSA: Ƙanwata ki kwantar da hankalinki tukuna, ba ki haukace ba kuma ba jinnu ba ne. Mutane ne sunka zauna, marubuta da masu zane da masu sa murya, anka biya su albashi don su sa gabanki ya faɗi in wayar ta yi ƙara. Abin da kike ji shi anka gina gem ɗin ya sa ki ji, kuma na gode da kinka iya faɗa, da yawa suna ciki sun yi shiru, maza ma sun fi yawa.

Bari in ba ki asalin abin don in kin ga injin da ke ciki zai rage miki kwarjini. Irin waɗanga gem na soyayya a Japan sunka yi ƙarfi, wanda ya fito da su sarari shi ne Tokimeki Memorial na 1994, kuma Konami ce ta yi shi, masu Contra da Winning Eleven ɗin da munka gama magana yanzu. Kai ɗalibin sakandare ne na shekara uku, kowane mako ka zaɓi abin da za ka yi, karatu ko wasanni ko gyaran jiki, kowanne da makinshi, kowace yarinya kuma da makin da take buƙata kafin ta dube ka, babbar cikinsu Shiori sai ka cika kusan komai. In ka yi watsi da wata ka daɗe ba ka neme ta ba sai alamar bam ta fito a gefen sunanta, in ya fashe ta ɓata ka wurin sauran duk makinka ya zube. A wannan shekarar kamfanin Koei ya fitar da Angelique na mata, wanda ƙungiyar mata ce ta tsara shi, daga nan reshen da kike ciki ya tsiro. A 2009 anka yi LovePlus a Nintendo DS, har wani saurayi a Japan ya yi bikin aure da wata yarinyar cikin gem ɗin mai suna Nene, duniya ta yi ta dariya, ni dai tausayi ya ba ni. Naki kuma kamfanin Cheritz na Koriya ta Kudu ya fitar a 2016, sabon abin da ya zo da shi shi ne ya ɗaure labarin da agogonki na gaskiya, kwana 11 ana buɗe hira a sa'o'in da sunka ga dama har tsakar dare, in ta wuce ki kuma ga abin saye da zai dawo miki da ita. Su sunka haƙa ramin, su ke sayar da igiyar fitowa.

Ba daga nesa nike magana ba. Na buga Harvest Moon na PS1 kamar ba gobe, gona ce kake nomawa kana kiwon kaji da shanu, a ƙauyen kuma akwai 'yan mata biyar, kowace da 'yar zuciya a gefen maganarta da ke sauya launi daga baƙi har ta kai ja, in ta kai ka sayi shuɗin gashin tsuntsu ka kai mata shi ne neman aure. Na so gem ɗin kuma har gobe ina sonshi, akwai natsuwa a ciki. Amma wata rana ina kai wa yarinyar toshin ƙwai karo na ban san adadi ba, tana maimaita min godiyar nan kalma a kalma irin ta jiya da shekaranjiya, sai na ga abin da ke ƙasa tsirara, lissafi ne, ƙwai ɗaya maki kaza. Ba ta iya ƙin karɓa in na kawo abin da anka rubuta tana so. Haka saurayin wayarki, bai da ciwon kai, ba a bin shi bashi, mota ba ta taɓa lalace mishi a hanyar Illela da rana tsaka ba, bai da ranar ɓacin rai sai wadda marubuci ya rubuta mishi, kuma wannan ya ranarki ta kasance da ya turo miki, ita ya tura wa duk wadda ta sauke gem ɗin daga Seoul har Gusau a daidai wannan minti na labarin. Mu da munka yi zamanin kiran dare na kyauta mun san hana ido barci don hira, amma ko ba komai a ɗaya gefen akwai wani ɗan Adam da shi ma gobe zai tashi da jan ido. In kin ɗora mai jini a jika a sikeli ɗaya da wanda ba ya gajiya, kin zalunci mai jinin tun kafin a auna.

Sai dai ba zan ce miki duk abin ƙarya ne ba, don akwai gaskiya ɗaya da gem ɗin ya tono kuma ita ce ta fi komai muhimmanci a wasiƙarki: kina son a tambaye ki kuma a tsaya a ji amsa. Wannan ba laifi ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne, haƙƙinki ne wurin wanda za ki zauna da shi. Mu mazan nan da yawanmu an tashe mu ne a kan cewa kin ci abinci ta ɗauke komai, a cikinta muke cusa ina sonki da na yi kewarki da duk abin da bakinmu ke jin nauyi, ƙila shi a ranshi ya gama faɗa miki komai a minti biyun nan. Ba zai sani ba sai an faɗa mishi. Ranar da ya zo zance ki ce mishi, cikin ladabi yadda kinka saba, ina son in ka kira ka ba ni labarin kasuwa, wa ka gani, mi ya ba ka haushi, ni ma ka tambaye ni karatu. Ki fara tambayarshi ke ma, don ina zargin ke ma lafiya lau kawai kike ce mishi. In bakinki ya yi nauyi ki rubuta a saƙo. In ya gwada ko da a karkace ne, ki riƙe shi da kyau. In kuwa ya mayar da maganar abin ba'a ko ya ce ke kin cika fitina, ki samu gwaggonki ko wata babba da kike sakewa da ita ki faɗa mata tun kafin a ɗaura, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Zancen cin amana, hukunci na malamai ne kuma Sakkwato ba ta rasa su ba, har malamai mata da za ki iya tambaya ba kunya. Abin da ni zan ce shi ne asuba biyu da kuɗin handawut sun riga sun ba ki amsar ko abin ya wuce wuri. Yau ɗin nan ki cire katin banki daga Play Store, ki kashe alam ɗin, ki rufe sanarwar gem ɗin daga isha'i zuwa safe, hirar da ta wuce ta wuce. Ki ba kanki mako biyu a haka. In kin iya, tau labari ne kike karantawa kamar littafin soyayya kuma ke ke riƙe da shi. In kin ga hannunki na komawa da kanshi cikin dare, ki goge shi gaba ɗaya, za ki ji ba daɗi na kwana uku ko huɗu kamar an yi miki rashi, kar ki ji kunyar wannan ma, zai wuce. Ki sake rubuto min bayan Sallah don Allah.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ɗana shekara 13 yana ɗaukar wayata da sunan aikin makaranta. Jiya na ga alat an cire min kuɗi har sau uku, da na bincika sai na ga wani gem cike da 'yan mata na katun da guntayen kaya, wai kuɗin na buɗe sabuwar yarinya ne. Babanshi ya ce a fasa wayar a huta. Mi kake gani?
Daga wata uwa, Arkilla.

AMSA: Hajiya wayar taki ce, in an fasa ke anka yi wa hasara, shi kuma gobe zai buga a ta abokinshi inda ba idonki. Abin da ya ci kuɗinki ana ce mishi gacha, sunan ya samo asali daga injinan Japan da ake jefa kwabo su faɗo da ƙwallon roba ba ka san abin da ke ciki ba. Ba sayen yarinyar yake yi kai tsaye ba, ƙuri'a yake ja, kuma an tsara ta yadda abin da yake so ba ya fitowa da wuri. A Genshin Impact misali, wanda yana cikin manyansu, damar samun babban jarumi a ja ɗaya kashi 0.6 ne cikin ɗari, sai an kai ja 90 ake ba da tabbas. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce irin waɗanga akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne. Ni ma haka nike kallonsu, kuma ya fi guntayen kayan tayar min da hankali, don yaron da ya saba da ƙila wannan karon a dace yana shekara 13, shagon bet ne ke jiranshi a 18.

Ki shiga Play Store ki sa sai da lambar sirri ko yatsanki kafin a sayi komai, ki cire katin in ba ki buƙata. A ƙarƙashin sunan kowane gem akwai lambar shekaru, 3+ ko 7+ ko 12+ ko 16+ ko 18+, ki riƙa dubawa, kuma kar zanen katun ya yaudare ki, akwai wani Doki Doki Literature Club na 2017 da ke kama da labarin 'yan makaranta masu fara'a alhali na tsoro ne mai maganar kashe kai, shi da kanshi ya rubuta gargaɗi a farko cewa ba na yara ba ne. In za ku saya mishi tashi wayar nan gaba akwai manhajar Family Link ta Google, kyauta ce, daga wayarki za ki ga abin da ya sauke ki kuma sa lokacin da za ta kulle.

Kuɗin kam ya biya, ko da aikin gida ne ko a yanke daga na tara, ya san dukiyar wani ya taɓa. Amma bayan an huce ki zaunar da shi ya nuna miki gem ɗin ya faɗa miki mi yake so a ciki, za ki ji abin da bulala ba ta fito da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, sai dai alamun da ta ba da masu nauyi ne, mutum ya kasa tsayawa, gem ya ture karatu da barci da mutane, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a ɗauki kamar wata 12 a haka. Abin da kinka faɗa bai kai nan ba.

TAMBAYA: Yaya ni ango ne wata biyu. Amarya ta ce in ina buga bal da abokai ji take kamar na yi mata kishiya. Akwai wanda za mu buga tare? Ina da PS4 da laftof.
Daga Gawon Nama.

AMSA: Ango Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ka nemi It Takes Two na 2021, ba ya buguwa sai da mutum biyu, labarin miji da mata ne da ke shirin rabuwa sunka koma 'yan tsana, kowane wuri sai ɗaya ya riƙe wa ɗaya ƙofa ko ya jefa mishi abin takawa kafin a wuce, kuma shi ya ci kyautar gem ɗin shekara a wannan shekarar. In ba ta saba riƙe fad ba ku fara da Stardew Valley, noma ne da kiwo da kamun kifi, ba mai korar kowa, allo yana rabuwa biyu, kuma ko laftof mai rauni yana ɗauka. Akwai Overcooked na girki shi ma, amma ku bar shi sai kun ƙware don akwai agogo a ciki kuma yana sa ɗaga murya. Ka sayi fad na biyu mai kyau irin naka, kar ka ba ta tsohon nan mai makalewar maɓalli, kuma in ta faɗi rami sau goma kar ka karɓe ka ce kawo in wuce miki nan, ka jira ta ta tsallake da kanta.